Taken Jatau a Damagaram

Tun da muka dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci, a teburin mai shayi, har a wajen zaman makoki sai wani ya matso ya ce, "Sabo, wai da gaske an hau da ku kan dandamali?" Masu manyan wayoyi sun ga wani guntun hoto inda ake yi mana ihu, suna so su ji ko ihun yabo ne. Baba Ilu ba ya tanka wa kowa. Hudu kuma in ya fara ba da labari, ko ta ina ya ɗauko shi a kan burodi zai sauke. Shi ya sa na ce bari in faɗe shi sau ɗaya tun daga tushe, kowa ya ji, a shafa mini lafiya. Amma ina gaya muku tun yanzu, ba labarin daɗi ba ne.

Saboda yaran yanzu, sai na fara da ko mu su wane ne. Mu makaɗan noma ne na ƙasar Minjibir. Baba Ilu ne mai ganga, Hudu na bin sa da ƙaramar gangar nan, kazagi, ni kuma sanƙira, wato bakin tafiyar, mai ɗaga murya yana zuga manoma. Da muna da yawa, yanzu mu uku muka rage, kuma a cikinmu ni ne yaro, ni da jikoki ke ɗauko wa sanda.

Aikinmu a wajen gayya yake. Mutum zai kira jama'a su taya shi noma, a yi tuwo, a dama fura, mu kuma mu tsaya a bakin gona. Kowane gwarzon manomi yana da takensa, wani salon kiɗa nasa shi kaɗai. Idan Baba Ilu ya buga taken mutum sai ya ɗaga gula ya yi shiru, ya bar masa fili. Mai taken zai ɗaga garma sama ya yi kirari, sannan ganga ta ɗora, shi kuma ya faɗa wa kunya kamar zai cinye ta. Shirun nan rabin kiɗan ne. A gidan su Baba Ilu kuma an gaji ƙa'ida biyu a kansa. Babu mai amsa taken wani, sai ɗan cikinsa in ya rasu. Sannan makaɗi ba ya ce wa mutum ga takenka ko ga na ubanka, kunnensa ne zai gaya masa.

Shekarun nan da muke ciki sun kashe gayya. Wa ke da hatsin ciyar da rabin gari alhali a gidansa sau ɗaya ake ɗora tukunya? Taki ya gagari talaka, samari sun tafi Kano tuƙin a-daidaita-sahu, wanda ya rage kuma feshi yake yi, ciyawa ta mutu ba wanda ya sunkuya. Masu taken nan ɗaya bayan ɗaya muka raka su makwanci. Damina nawa ganga na rataye a zaure, sai ɓeraye ke kai mata ziyara.

Ana nan sai ga wani saurayi a kan babur, sunansa Laminu, ɗan Damagaram, yana aiki da masu shirya wani bikin kaɗe-kaɗe a can. Wai a wani tsohon kaset ya ji mu, ya yi ta cigiya har ya iso. Baba Ilu ya saurare shi tsaf, sannan ya ce, "Yaro, gangata ta gona ce. Wa zai yi noma a wajen bikin naku?" Laminu ya yi ta lallashi, Baba na girgiza kai, ni kuwa ina ta hararar Baba don na san abin da ya rage a rumbuna. Can sai Baba ya ce, "A wane gari ka ce?" Aka ce Damagaram. Da jin haka ya ce za mu je.

Ni na san dalili. Jatau ne. Duk ƙasar nan ba a yi manomi kamar Jatau ba, kuma shi ne aminin Baba Ilu tun suna yara. Takensa tambaya ce, ganga na cewa, "Wa ya rage a gona? Wa ya rage a gona?" domin kullum shi ne na ƙarshen fita. Da ya rasu, matarsa, 'yar wajen Damagaram, ta koma ga danginta da ɗansu tilo, Garba, ko famfara bai fara ba. Tun daga ranar ba a sake buga taken ba. Baba Ilu ya ce mini a zaure, "Yaron nan a wuyan ubansa yake zuwa gayya, Sabo. Tare da nono ya sha kiɗan nan. In ya amsa, na san ban yi aikin banza a duniya ba. In bai amsa ba, shi ke nan, na gama."

Da bazara muka tashi, rana kamar ta sauko ta zauna a ka. A garin Kunya muka shiga wata tsohuwar mota da aka cusa mu kamar buhunan ƙaiƙayi. Direba ya ce a ɗaure ganga a baya tare da albasa, Baba ya ce, "Ni ka ɗaure ni a can, ita ta zauna a kujera." A ƙarshe a cinya aka riƙe ta, rabi a ta Baba rabi a ta Hudu, don haka in Hudu ya ce muku ya ga hanya ƙarya yake, fatar ganga ya gani. Tsadar mai ta koya wa direban dabara, duk gangare sai ya kashe inji mu sulala, amma duk da haka kafin Ɓaɓura mota ta yi tari ta tsaya. Muka fito muna turi, tsofai da mu, har wajen 'yan bumburutu. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta dubi gangar ta ce, "Ikon Allah! Har yanzu ana kiɗan nan? Ni na ɗauka duk kun mutu." Na ce mata, "Inna, muna kan hanya."

A iyaka aka sauke mu da kayanmu. Wani jami'i matashi ya ɗaga gangar ya girgiza, ya ji wani abu na ƙara a ciki, nan take fuskarsa ta canja. Tsakuwoyi ne 'yan ƙanana, uban Baba Ilu ya zuba su ranar da ya rufe ta, amma wa zai yarda da wannan a zamanin da ake ɓoye ƙwaya a cikin kabewa? Ya ce a buɗe. Baba ya ce, "Ɗana, ka fara farke cikina, ya fi sauƙin ɗinki." Muka tsaya a rana ana ta ja-in-ja, har wani babbansu ya fito daga rumfa ya ce a buga a ji, gangar da aka cusa wa kaya ba ta amo. Baba ya rataya ya sakar mata gula. Jakunan da ke ɗaure a gindin bishiya suka zabura, wata mai tallan gyaɗa ta kusa zubar da farantinta. Babban ya yi dariya ya ce mu wuce. Nan ne kuma muka canja kuɗi, na ba da nairori cike da hannu aka miƙo mini 'yan takardu da ko aljihu bai san sun shiga ba.

Da ka tsallaka sai ƙasa ta buɗe. Mu nan in ka yi atishawa a gonarka maƙwabci zai ce maka yarhamukallahu, su can sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka ga gari. A kasuwar Magarya, inda muka tsaya sallah, Baba ya ga wata hauya mai doguwar ƙota ta fi mutum tsawo. Aka ce masa a tsaye suke noma da ita, turawa kawai ake yi. Ya juya ta, ya auna nauyinta, ya ce, "To mutumin da ba ya sunkuyawa, da wane irin kiɗa ake tashinsa?" Mai sayarwa ya ɗauka ciniki ne, ya yi ta rage masa kuɗi.

Masaukinmu ajin makaranta ne, su lakwal suke ce mata. An ture tebura gefe an shimfiɗa tabarmi. Manyan baƙi, wato samarin mawaƙa masu fiyano, suna otal mai sanyi, mu tsofaffi aka tara mu wuri ɗaya kamar kayan da ba a san inda za a ajiye ba. Abinci dai ba laifi, sai dai burodin, dogo kamar sanda, mai tauri kamar ita. Hudu da haƙoransa uku ya yi fama har ya gaji, ya koma jiƙa shi a ruwa tun dare. Shayinsu kuma a ɗan ƙaramin kofi, ɗaci kamar magani, kuma in ka sha na farko ka tashi ka yi rashin ladabi, sai ka jira na biyu da na uku. Da tsakar rana sai gari duk ya rufe, har masu shago su tafi barci. Na ce da mu ne a Kano, kafin ka farka wani ya kafa tebur a ƙofar shagonka.

A ajin nan muka haɗu da wasu tsofaffin 'yan jita na birni, waɗanda aka ce a da in suna wasa har ta kan katanga ake shiga. Babbansu, Isufu, siriri ne mai farin gashi, jitarsa an ɗaure wuyanta da waya. Shi ya fara karanta mana yadda abin yake. Ya ce, "Malam Ilu, in ba ka shawara? Mu nan ado ne, kamar tsohuwar ƙwarya a bangon ɗakin amarya. Ka buga wurin da ya fi zafi, ka yi murmushi, ka sauka. Waƙar da muke yi a da har a yi sallama da dare, yanzu kai da wutsiya kawai nake yi." Baba ya ce shi bai iya yanka kiɗa ba. Isufu ya ce, "Ni ma da ban iya ba."

Da yamma Laminu ya zo tare da shugabar tsara wasannin, wata mata mai tabarau da kowa ke kira Madam. Ta gaishe mu da ladabi har da rusunawa, sannan suka koma baranda suna gardama, rabi da Faransanci rabi da Hausa. Na kasa kunne don ni sana'ata ke nan. Ita cewa take, akwai yara birjik masu sababbin waƙoƙi da ba su samu wuri ba, duk lokacin da aka ba tsoho daga bakin yaro aka cire shi, kuma tsofaffin nan abin da suka yi tun kafin a haife ta shi suke maimaitawa. Shi kuma yana cewa in ba a hau da su nan ba, a ina yaran za su ji su, a kabari? Ta ce, "Laminu, mutane ba karatu suka zo yi ba, wahala ta ishe su, sun zo su manta ne." Na so in ji haushinta, amma na kasa samun inda ta yi ƙarya. Suka rabu a kan za mu yi wasa gobe bayan azahar, in jama'a sun karɓa a sake sa mu ranar rufewa.

Washegari da safe muka fita neman Garba. Ba mu sha wuya ba, aka nuna mana layin masu kayan babur a kasuwa. Tun daga nesa Baba ya tsaya cak ya kama hannuna. Kafaɗun Jatau ne, wuyan Jatau, har wushiryar. Da muka faɗi daga inda muke da sunan ubansa, mutumin nan ya tsallako tebur ya durƙusa ya riƙe gwiwoyin Baba. Ya rufe shago nan take, ya kai mu gida, aka yanka zabi, ya jero 'ya'yansa suka gaishe mu. Mahaifiyarsa ta daɗe da rasuwa. Ya ce, "Baba, ni ban san komai nasa ba, sai dai an ce manomi ne. Ku ba ni labari." Baba ya ba shi labarin dawar da ta fi mai doki tsawo, da shekarar da Jatau ya ciyar da unguwa daga rumbunsa. Garba na share hawaye. Shi bai taɓa riƙe garma ba, hannunsa duk baƙin mai ne. Ya ce ko ana ruwan wuta zai zo ya ga wasanmu, a gaba ma zai tsaya.

Da muka fito na ja Baba gefe. Na ce, "Baba, yaron nan ba zai gane ba. Ka bar ni in ɗan yi masa tuni, ko da a kaikaice ne."

Ya ce, "Ka gaya masa me?"

"Cewa akwai na ubansa a ciki. Kirarin ma ina da shi a kai, in koya masa yanzu."

Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa. Ya ce, "Sabo, in ka gaya masa, to kai ka amsa, ba shi ba. Ban taho tun daga Minjibir don in ji muryarka ba, kullum ina jin ta."

Tun ina saurayi nake bin mutumin nan, ban taɓa tsallake maganarsa ba.

Filin wasan babba ne, an kafa dandamali da lasifikoki kowace ta kai rumbu. Lokacin da aka ba mu shi ne lokacin da rana ke tsakiyar fushinta. Masu kujera ba su iso ba, sai samari da suka zo kama wuri don mawaƙan yamma. Su Isufu suka fara, suka yi kai da wutsiya kamar yadda ya ce, aka tafa musu tafin sallamar baƙo. Sai mai gabatarwa, wani saurayi mai surutu da jar hula, ya kira mu da sunan da ba namu ba. Aka kafa wa ganga makirfo, aka miƙo mini wani. Ina dubawa sai ga Garba a sahun gaba, ya sa shadda sabuwa, yana ɗaga mana hannu.

Da farko abin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Baba ya fara da kiɗan fita gona, gangar nan ta shiga lasifika ta fito kamar aradu, har na ji a ƙirjina. Samari suka juyo, wasu suka fara taka rawa. Na buɗe makogwaro na yi zuga irin wadda na manta ina da ita. Laminu na gefen dandamali yana washe baki yana kallon Madam.

Sai Baba ya juya gangar ya fuskanci Garba, ya sauya hannu. Wa ya rage a gona? Wa ya rage a gona? Rabona da jin wannan tun ranar da muka kai Jatau makwanci. Baba ya ɗaga gula sama ya tsaya.

A gona shirun nan ba ya daɗewa, kafin ka ja numfashi an cike shi. A nan kuwa ya yi ta tsawo. Mai kula da na'ura ya ɗauka waya ce ta tsinke, ya rugo ya durƙusa a gaban Baba yana ƙwanƙwasa makirfo. Wani ya yi fito daga baya. Garba ya ɗaga wayarsa sama da hannu biyu yana ɗaukar mu, yana murmushi har kunne. Baba ya sake bugawa, a hankali wannan karon, kamar mai tashin yaro daga barci, ya sake ɗaga gula. Na yi iyakar abin da aka yarje wa sanƙira, na ce, "Ganga na kira! Mai ita ya fito!" Garba ya waiga baya yana neman wanda ake kira.

Daga nan ihu ya tashi. "Tsoho ya manta!" "A ba shi ruwa!" "Ku sauka!" Wasu suka fara kiran sunan mawaƙin da suke jira. Kirarin Jatau na nan a kan harshena, kalma ɗaya ba ta ɓace ba, na cije shi har muƙamuƙina ya yi ciwo. Baba bai ko kalli masu ihun ba. Ya buga na uku, gumi na zuba daga gemunsa, ya ɗaga gula.

Mai jar hula ne ya ga zai ceci wasa. Ya yi tsalle ya shigo tsakiya, ya ce, "Ni ne mai ita!" Ya sunkuya yana noman dandamali da makirfo, yana murguɗa ƙugu, yana wani kirarin wasa na cin tuwo. Fili ya kece da dariya, aka yi ta tafi, tafin da ya fi duk wanda aka yi ranar. Ban ce yaron mugu ba ne, bai san abin da ya taka ba. Baba ya sauke gula a hankali, ya cire ratayar ganga daga kafaɗa, ya rungume ta ya nufi matakala. Hudu ya ci gaba da kazagi shi kaɗai na ɗan lokaci, don idonsa a rufe yake in yana kiɗa, sai da na taɓa shi.

A bayan dandamali Madam ta same mu. Ta ce an gode, Allah ya saka, amma ranar rufewa an riga an cika. Ta ƙara da cewa da za a riƙa yin abin nan da mai gabatarwa, da an duba, don jama'a sun ji daɗinsa. Baba ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata," bai ƙara ba. Laminu ya kasa haɗa ido da mu, ya yi ta ba da haƙuri kamar shi ya yi ihun.

Su Baba suka koma masauki, ni na tsaya don in ga abin da aka ture mu dominsa. Gab da magariba fili ya cika maƙil. Wani yaro ya hau, ba ganga ba kalangu, sai sauti daga na'ura. Ya yi baiti ɗaya, ya miƙa makirfo wajen jama'a, ya yi shiru. Filin nan kaf ya amsa masa, maza da mata, ba wanda ya ɓata kalma. Ashe su ma sun san shirun, kuma su ana cike musu shi. Masu tambayata ko ya dace a riƙa hawa da tsofaffi irin wannan wuri, ga abin da na gani. Su Isufu za su iya, don waƙarsu a bakinsu take, ko ba kowa sa rera kayansu. Namu kiɗan rabinsa yana wajen mutanen da ke ƙarƙashin ƙasa. Rabi muka ɗauka muka tsallaka iyaka da shi, kuma ban ga laifin wanda ya ji rabi ya ce bai cika ba. Duk da haka ihun nan ya yi mini ciwo, har yau yana yi.

Da safe muka tafi tasha. Muna zaune ana lodi sai ga Garba a kan babur, ya ɗauro mana guzuri, kilishi da dabino da atamfa ta matan gida. Ya tsuguna a gaban Baba ya ce kada ya damu da yaran jiya, ba su da tarbiyya. Sannan ya ciro waya ya kunna abin da ya ɗauka. Taken Jatau ya fito ta 'yar lasifikar nan, siriri, a tsakiyar hayaniyar tasha.

Ya ce, "Baba, wannan na ƙarshen, wanda kake ta tsayawa. Wallahi jiya ya hana ni barci, sai juyawa yake a kaina, kamar na taɓa jin sa a wani wuri. Na mene ne?"

Na dubi Baba, na ga ya gyara zama, ya zuba wa Garba ido, bai ce komai ba. Na gane abin da yake yi, fili ya sake bar masa. Kiɗan ya zagayo a waya, ya tsaya, ya sake zagayowa. Leɓen Garba ya ɗan motsa, ya ɗaure goshi kamar mai neman sunan wani da ya sani. Can sai ya girgiza kai ya yi 'yar dariya, ya ce, "Kai, ya ƙi zuwa."

Baba ya ce, "Na wani manomi ne. Ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. Ya bar baya?"

Yaran mota na ta kiran Magarya, Magarya, saura mutum ɗaya. Baba ya dafa kafaɗar Garba, kafaɗar nan ta Jatau, ya miƙe da ƙyar.

Ya ce, "Bai bari ba, ɗana."

Garba ya ce, "Allah sarki," ya ɗauki gangar da kansa zai miƙa mana ta taga. Baba ya ce a'a, a ba yaran mota su ɗaure ta a sama tare da kaya.